Makaɗan ragtaim da jaz na farko: tambayoyi da amsoshi kan yadda suka rayu

Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin hotunan makaɗan jaz, sun sha kwat da nakatai, takalma sai sheƙi, zai ɗauka masu hali ne. Kwat ɗin kayan aiki ce, kuma sau da yawa ita kaɗai gare su. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan hira ta kai kan waɗannan mutane, waɗanda suka yi zamani a Amurka daga wajen 1895 zuwa 1930 da 'yan kai.

Mene ne ragtaim, kuma ina ya rabu da jaz?

Ragtaim kiɗan piyano ne da baƙaƙen fatar Amurka suka fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19, musamman a jihar Missouri, a garuruwan Sedalia da St. Louis. Sunan ya samo asali daga kalmar Turanci mai nufin abin da ya yayyage. Hannun hagu yana tafiya daidai wa daida kamar takun soja a fareti, hannun dama kuwa yana saɓa masa, yana faɗowa kafin bugu ko bayansa. Wannan saɓanin shi ne gishirin abin. Rubutaccen kiɗa ne: mai shi ya zauna ya tsara, a buga a takarda, a sayar wa masu piyano a gida.

Jaz a New Orleans ya tashi, kuma kiɗan taro ne: ƙaho, kilarinet, turombon, banjo, ganga. Ya ɗebo daga ragtaim, ya ɗebo daga waƙoƙin coci, da bulus (waƙoƙin kukan zuci na baƙaƙen Kudancin Amurka), da badujalar sojoji. Babban bambancin shi ne mai busa jaz yana ƙirƙira nan take, abin da ya busa daren jiya ba lallai ya maimaita shi yau ba.

Daga wane irin gida suka fito?

Yawancinsu 'ya'ya ne ko jikokin bayi, domin sai a 1865 aka haramta bauta a Amurka. Mahaifin Scott Joplin, fitaccen mawallafin ragtaim, tsohon bawa ne da ya koma leburan jirgin ƙasa, mahaifiyarsa tana aikatau a gidajen Turawa. Wani Bajamushe mai suna Julius Weiss ne ya ga yaron yana da kai, ya koya masa kiɗa kyauta a Texarkana. Iyayen Eubie Blake, mai piyano ɗan Baltimore, duk biyun a cikin bauta aka haife su.

A New Orleans kuma akwai wani rukuni daban, wato Kiriyol, ruwa biyu masu jinin Faransawa ko Sifaniyawa da na Afirka. 'Yan ɗariƙar Katolika ne, suna jin Faransanci, da yawansu sun iya karanta rubutun kiɗa, kuma suna kallon baƙaƙen unguwannin sama a raine. Dokokin wariya ba su san wannan bambanci ba. Homer Plessy, wanda ƙararsa ta kai Kotun Ƙoli ta halatta wariya a 1896, Bakiriyole ne ɗan New Orleans. Da aka rufe musu ƙofofin Turawa, dole masu karatun takarda suka zauna a dandali ɗaya da masu busa da ka. Kowa ya koyi abin da ba shi da shi.

Gaskiya ne a gidajen karuwai aka haifi jaz?

Da gaskiya a ciki, amma an zuzuta. A 1897 hukumar birnin New Orleans ta keɓe wata unguwa domin karuwanci, jama'a suka laƙaba mata Storyville don tsokanar kansilan da ya kawo dokar, Sidney Story. Manyan gidajen magajiyoyi suna ɗaukar mai piyano guda, ana ce masa "farfesa", kuma abin da yake samu na kyautar baƙi ya fi albashin lebura nesa ba kusa ba. Jelly Roll Morton ya fara wannan aiki yana matashi. Ya ce wa kakarsa gadi yake yi da dare a masana'antar gangunan zuba kaya. Ranar da tsohuwar ta gano gaskiya ta kore shi daga gida, don kada ya ɓata sunan zuriya. Bahaushen da ya san yadda wasu gidaje ke kallon ɗan da ya ɗauki kalangu ba zai yi mamakin wannan ba.

Su kuwa masu ƙaho, aikinsu ya fi yawa a waje: zauren rawa, filin shaƙatawa, fareti, talla a kan amalanke, da jana'iza. Ƙungiyoyin taimakon juna na baƙaƙe suna tara kuɗin wata-wata domin jinya da binne mamaci, kuma cikin abin da ake biya har da makaɗa. A hanyar maƙabarta a bi gawa da waƙar coci a hankali, a hanyar dawowa a saki kiɗa, yaran unguwa su biyo baya da rawa. Wani zauren da Buddy Bolden, ɗaya daga cikin makaɗan jaz na farko, yake yawan busa a cikinsa, da daren Asabar gidan rawa ne, da safiyar Lahadi coci.

A 1917 rundunar sojan ruwan Amurka ta matsa aka rufe Storyville.

Da kiɗan kaɗai suke ci da kansu?

'Yan kaɗan ne. Johnny St. Cyr, mai banjo a fayafayan farko na shahararren mai ƙaho Louis Armstrong, filasta yake yi wa gine-gine. Alphonse Picou mai kilarinet maƙerin kwano ne. Manuel Perez naɗa taba sigari yake yi. George Lewis dako ya yi a tashar jiragen ruwa. Armstrong kansa, kafin ya yi suna, gawayin kwal yake tallatawa a kan keken alfadari, da dare ya ɗauki ƙaho.

Wannan ne ya sa ba na son a riƙa ba da labarinsu kamar na 'yan iska da suka ƙare a kwalba. Akwai irin waɗannan, amma akasarinsu magidanta ne masu sana'ar hannu, kiɗa kuma sana'a ta biyu. Da kasuwa ta mutu, waɗanda ke da ta farkon su ne suka tsira da mutuncinsu. Kid Ory, gwanin turombon, ya ajiye ƙarfensa a 1933 ya koma kiwon kaji, sai bayan kusan shekara goma ya dawo.

Scott Joplin, da ake kira sarkin ragtaim, ya yi arziki?

Bai yi ba, ko da yake ya fi takwarorinsa wayo. Al'adar lokacin ita ce mai buga takardu ya ba makaɗi 'yan daloli sau ɗaya, shi ke nan kiɗa ya zama nasa har abada. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A 1899 Joplin ya ƙulla yarjejeniya da John Stark, wani Bature mai kantin kayan kiɗa a Sedalia, cewa duk kwafin "Maple Leaf Rag" da aka sayar yana da senti ɗaya. An ƙiyasta an sayar da wajen rabin miliyan cikin shekara goma. A buga lissafi: dala 5,000 ke nan, a rarrabe cikin shekara goma. Ya isa haya da abinci, bai isa a kira shi arziki ba, ga kiɗan da ya shahara a duk faɗin Amurka.

Abin da ya cinye shi buri ne. Joplin mutum ne mai shiru, ba ya son a ɗauki aikinsa kiɗan mashaya. Har gargaɗi yake rubutawa a saman takardunsa cewa kada a kaɗa da sauri, ragtaim ba a yi masa gaggawa. So yake a sa shi a sahun manyan mawallafan Turai, saboda haka ya koma rubuta opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe. Ta farko ya fita yawo da ita a 1903, tafiyar ta karye, aka riƙe kayansa saboda bashin masauki, rubutun ya ɓata har yau. A 1904 ya auri wata yarinya, Freddie Alexander, ta rasu bayan mako goma.

Ta biyun, "Treemonisha", labarin wata budurwa ce mai ilimi da ta fitar da mutanen ƙauyensu daga hannun bokaye. Babu wanda ya yarda ya buga, sai shi ya biya daga aljihunsa a 1911. Bai taɓa ganinta a dandali yadda ya tsara ta ba. Ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya rasu a asibitin gwamnati a New York ranar 1 ga Afrilu 1917, aka binne shi a kabarin talakawa ba ko alama. Sai a 1972 aka yi wasan cikakke a Atlanta. A 1973 wani fim ya yi amfani da kiɗansa, duniya ta sake waiwayarsa, a 1974 aka kafa dutse a kabarin, a 1976 aka ba shi lambar Pulitzer, shekara 59 bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Wa ya ƙirƙiro jaz?

Morton ya ce shi ne, a 1902. Mutum ne mai cika baki, da lu'ulu'u a haƙorinsa, ɗan caca kuma gwanin sunuka. Lissafin shekarunsa bai ba shi gaskiya ba, don a lokacin bai wuce shekara goma sha biyu ko makamancin haka ba. Amma shi ne na farko da ya nuna ana iya tsara jaz a takarda ba tare da an kashe shi ba, kuma hirar da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauka da shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 1938, yana magana yana taɓa piyano, tana cikin mafi darajar abin da ya rage na wancan zamani.

Tsofaffin New Orleans kuwa sunan da suke fara ambata shi ne Buddy Bolden, mai konet, ƙaramin ƙanen ƙaho. An haife shi a 1877. Sun ce idan ya busa a wani fili, mutanen da ke rawa a filin maƙwabta sai su watse su taho. A 1907, yana ɗan shekara 30 ko ƙasa da haka kaɗan, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Jackson a jihar Louisiana. Shekara 24 ya yi a can har ya rasu a 1931. Babu faifansa ko ɗaya a hannun kowa. Hotonsa guda ne da ƙungiyarsa, sai bakin waɗanda suka ji shi.

To me ya sa Turawa ne suka fara fitar da faifan jaz?

Kamfanonin nasu ne. A watan Fabrairu 1917 wasu Turawa biyar 'yan New Orleans, Original Dixieland Jass Band, suka yi wa kamfanin Victor faifai a New York, ya yi kasuwa sosai, har wasu suka ɗauka su ne masu abin. Ana ba da labarin cewa an fara yi wa baƙin makaɗi Freddie Keppard tayi ya ƙi, don tsoron a sace masa salo. Shi ne wanda aka ce yana rufe yatsunsa da hankici idan yana busa. Sai a 1922 ƙungiyar baƙaƙen New Orleans ta fara yin faifai, ta Kid Ory, a Los Angeles.

Yaya ake ɗaukar faifai a lokacin?

Kafin 1925 babu makirfo. Wani babban mazurari ne ke fitowa daga bango, makaɗa su kewaye shi, sauti ya girgiza allura, allura ta zana a kan kakin zuma. Mai ƙarfin busa a tura shi baya, mai rauni a matso da shi. Babbar ganga tana sa allura tsalle, sai a ba mai ganga katako ya ƙwanƙwasa. Fuska ɗaya ta faifan garmaho minti uku ce, don haka kiɗan da ake ja tsawon lokaci a gidan rawa dole a datse shi.

A Afrilun 1923 ƙungiyar King Oliver ta je kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiana. Ɗakin yana gefen layin dogo, in jirgi ya taho sai a tsaya. Lil Hardin, mai piyano a ƙungiyar, ta ce sai da aka tura Armstrong can nesa da sauran don ƙarar ƙahonsa tana danne ta maigidansa. Wannan ɗakin dai shi ne yake ɗaukar waƙoƙin ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, in sun biya. Kamfani bai damu da launin kuɗi ba.

Mafi yawan makaɗa ladan zama ɗaya ake ba su. Ko faifai ya sayar da dubu ko dubu ɗari, ba su ƙara ganin ko sisi.

Me ya kai su Shikago?

Abin da ya kai sauran baƙaƙen Kudu: aiki a masana'antu da gudun wulaƙanci. Inda masu rawa suka tafi, nan makaɗi yake bi. Oliver ya tafi a 1918, a 1922 ya aiko wa Armstrong waya ya zo ya same shi a gidan rawa na Lincoln Gardens. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, mashaya suka koma ɓoye a hannun 'yan daba, kuma su ne suka zama iyayen gidan makaɗa. Suna biya da kyau. Barin aikinsu ne ba a yi yadda aka ga dama.

Me ya sa zancen haƙori yake yawan fitowa a tarihinsu?

Domin mai ƙaho da haƙoransa na gaba yake ci. A kansu bakin ƙarfen yake zama, in sun tafi sana'a ta tafi.

Babu labarin da ya fi na King Oliver ciwo. Shi ne Armstrong yake kira Papa Joe har ƙarshen ransa, shi ya ba shi ƙaho da aiki da abinci a gidansa. A 1927 aka yi masa tayin zama a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York, ya raina kuɗin, aikin ya faɗa hannun wani shugaban makaɗa, Duke Ellington, rediyo ta kai sunan Ellington ko'ina. Sai tattalin arziki ya rushe a 1929. Cinikin fayafayai ya faɗo daga sama da miliyan 100 a 1927 zuwa wajen miliyan 6 a 1932. Bankin da Oliver ya ajiye kuɗinsa ya durƙushe. Ciwon dasashi ya zubar masa da haƙora. Ya yi ta yawo da ƙananan ƙungiyoyi a Kudu, mota tana lalacewa, masu gayya suna cinye musu lada, har ya maƙale a Savannah ta jihar Georgia. Ya ɗan taɓa sayar da kayan marmari a tebur, daga baya ya koma shara a gidan sunuka. A can ya rasu a Afrilun 1938. 'Yar'uwarsa ce ta ɗauki kuɗin hayarta ta kawo gawarsa New York.

Bunk Johnson ya fi shi sa'a. A 1931 ana cikin rawa a garin Rayne aka daɓa wa shugaban ƙungiyarsu wuƙa, a hargitsin ƙahonsa ya lalace, haƙora ma ba su daɗe ba suka bi. Ya koma aikin gona da tuƙin babbar mota a New Iberia. A ƙarshen shekarun 1930 wasu masu binciken tarihin jaz suka nemo shi ta wasiƙa, aka yi karo-karo aka saya masa ƙaho, yayan mai kilarinet Sidney Bechet, wani likitan haƙori, ya yi masa haƙoran roba. Ya yi faifansa na farko a 1942. Sai dai tsohon ya iya ƙari a labari, ya ƙara wa kansa shekaru, kuma masu tarihi sun daɗe suna warware abin da ya ɗaure musu.

Babu mata a cikinsu?

Akwai, galibi a kan piyano, don shi ake ganin ya dace da 'ya mace. May Aufderheide ta Indianapolis ta rubuta ragtaim da ya yi kasuwa. Lovie Austin ta jagoranci ƙungiyarta a Shikago.

Wadda ta fi tasiri ita ce Lil Hardin. Ta yi karatu a jami'ar Fisk, ta fara aiki a kantin kayan kiɗa tana kaɗa wa masu saye takardu su ji. Ta auri Armstrong a 1924, ta sauya masa tufafi, ta hana shi zama na biyu a bayan Oliver, ta tura shi ya tsaya da ƙafarsa. Auren bai ɗore ba. A Agustan 1971, bayan rasuwarsa da 'yan makonni, tana kan piyano a taron tunawa da shi a Shikago ta yanke jiki ta faɗi, ba ta tashi ba.

Yaya Armstrong ya tsallake abin da ya ci sauran?

Baiwa, lafiya, da mai riƙe masa lissafi. An haife shi a 1901 a unguwar da talauci ya yi wa katutu. Daren shiga 1913 ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan gyaran hali na yara baƙaƙe, a can wani malami Peter Davis ya koya masa konet. Ya yi aiki a jiragen ruwan kogin Mississippi ƙarƙashin Fate Marable, inda ya koyi karatun takarda. Da bakinsa ya fara tsagewa saboda busa, yana da murya da zai jingina da ita, abin da Oliver ba shi da shi. Daga 1935 ya miƙa harkarsa duka ga Joe Glaser, Bature mai alaƙa da 'yan dabar Shikago. Glaser ya ɗebi kaso mai tsoka, amma Armstrong bai ƙara kwana da tunanin haya ba. Ya zauna a wani madaidaicin gida a unguwar Corona ta New York daga 1943 har rasuwarsa.

A gwada da Morton, wanda a 1938 aka soke shi da wuƙa a wata mashaya a Washington, asibitin da ke kusa ya ƙi karɓarsa don na Turawa ne. Bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba, ya rasu a 1941 yana ƙorafin haƙƙin kiɗansa da masu buga takardu suka danne.

Waɗanda suka tafi Turai fa?

Sun samu girman da gida ya hana su. James Reese Europe, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗa baƙaƙe ta Clef Club a 1910 don neman lada mai kyau, ya jagoranci badujalar runduna ta 369 a Faransa a yaƙin duniya na ɗaya, Faransawa suka yi ta mamaki. Ya tsira daga yaƙi, ya dawo gida, mai gangarsa ya soke shi a wuya a Boston a Mayun 1919.

Sidney Bechet ya isa Landan a 1919. Mutum ne mai zafin kai. Ya yi wata goma sha ɗaya a kurkukun Paris bayan musayar harbi da wani makaɗi. Lokacin karayar arziki ya buɗe shagon gyaran tufafi da guga a Harlem tare da abokinsa Tommy Ladnier. Daga baya ya koma Faransa da zama, ya zama tauraro, ya rasu a can a 1959.

Akwai abin da ya haɗa kiɗan nan da Afirka ta Yamma?

Akwai, ko da yake ba za a ɗauki waƙa guda a ce daga gari kaza ta fito ba. A New Orleans an bar bayi suna taruwa ranar Lahadi a filin da ake kira Congo Square, suna kiɗa da rawa irin na gida, abin da yawancin biranen Amurka suka hana. Amsa-amo tsakanin mai waƙa da 'yan amshi, da sarƙa bugu biyu a lokaci ɗaya, duk sun ƙetare teku. Banjo na asali ƙwarya ce da aka rufe da fata aka soka mata sanda, wanda ya san gurmi zai gane danginsa da gani ɗaya.

Armstrong ya zo da kansa. Ya sauka Accra a 1956, kafin Ghana ta samu 'yanci, ya ce ya ga wata mata a taron da ta yi kama da mahaifiyarsa. A 1960 ya sake zagayowa, har da Najeriya, 'yan makonni bayan an sauke tutar Ingila. A wannan doguwar tafiya ce mawaƙiyarsa Velma Middleton, wadda ta yi kusan shekara ashirin tana tare da shi, ta samu shanyewar jiki a Saliyo. Ƙungiya ta wuce don cika alƙawarin wasa na gaba, ita kuma ta rasu a asibiti a Freetown a Fabrairun 1961.